Batun Eriyar Nan, Kafin Ka Biya Kuɗi

Apapa, Legas

Ƙanena,

Ya jikin Inna? Ya ruwa, ya kasuwar Yelwa? Allah ya sa a dace.

Saƙon muryarka ya same ni ina cikin wani jirgi ina jan waya, sai da dare na samu na saurare shi, har sau biyu. Ban so in amsa maka a tsaitsaye ba, domin kuɗin da ka yi damina biyu kana tarawa ne ake magana a kai. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta a natse, ka kuma tafi da takardar wurin mai kayan in ka ga dama.

Ka ce ya nuna maka na'urar gano kifi mai GPS a cikinta, sannan ya ce ba za ta yi maka aiki sosai ba sai ka haɗa da eriyar waje, farar nan mai kama da ƙaramar ƙwarya a kife. Ka kuma ce kana so ka yi wa jirgin rumfar kwano saboda rana. Amsata ita ce kada ka sayi eriyar yanzu, kuma kada ka buga kwanon tukuna. Maganar biyu a ɗaure suke da juna, zan nuna maka inda aka ɗaure su.

Akwatin nan aiki biyu yake yi, kuma mutane kan cakuɗa su. Na farko kallon ƙasa ne. Akwai ɗan kan da ake ɗaurawa a bayan jirgi ya nutse cikin ruwa, mu a nan tiransidusa muke ce masa. Shi ke aika sauti ƙasa, sautin ya bugi kifi ko kututture ko laka ya dawo, na'urar ta auna lokacin ta zana maka a allo. Sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a sakan ɗaya cikin ruwa, don haka kafin ka ƙifta ido ya je ya dawo sau da yawa. Wannan aikin babu ruwansa da eriya. Ko ka sa eriya goma ba za ka ga ƙarin giwan ruwa ko ɗaya ba. In mai kayan ya ce maka eriya na ƙara ganin kifi, ka san bai san kayansa ba.

Aiki na biyu shi ne sanin inda kake, ka sa alama a wurin da ka samu kifi, gobe ka koma kansa. Ka tuna yadda Baba, Allah ya ji ƙansa, yake yi? Ina zaune a gaban jirgi, kai kana ƙarami kana riƙe da ƙwaryar kwalfe ruwa, shi kuma yana tuƙi a hankali idonsa na gaɓa. Sai giginyar nan doguwa ta yi daidai da tsagar dutse, sannan ya waiga ya ga rufin masallacin ƙauyen tsallake ya fito daga bayan tsamiya, sai ya ce, a nan ne, saki. Kuma a nan ɗin ne. Layi biyu ya ja da ido, inda suka haɗu nan ne gurbin. GPS ma haka take yi, sai dai giginyarta da tsamiyarta a sama suke, suna tafiya.

Taurarin ɗan'adam ne na Amurka, wajen 30 ke aiki, suna nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana ɗaya. Kowanne yana ta faɗin inda yake da kuma ƙarfe nawa a agogonsa. Na'urarka saurare kawai take yi, ba ta aika komai. Ba ta neman sabis, ba ta cin data, ba a biyan kowa. In ta ji huɗu daga cikinsu ta san inda take, in ta ji takwas ko goma daga sassa daban-daban na sama lissafinta ya ƙara tsabta. Sababbin na'urori da yawa suna sauraron na Rasha ma, GLONASS, wasu har da Galileo na Turai da BeiDou na Sin. Wannan ya sa eriyar ciki ta yau ta fi ta da nesa ba kusa ba. Maganar da mai kayan ya gaya maka gaskiya ce a shekarun baya, lokacin da na fara aikin nan kusan kowace na'ura sai da ƙwaryarta a waje. Yanzu zamani ya wuce wurin.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, muryar taurarin nan tana isowa da rauni ƙwarai. Gajimare ba ya tare ta, ruwan sama ba ya hana ta, hazon hunturu da ke rufe maka gaɓa har ka kasa ganin tsibirin Foge bai dame ta ba. Tana ratsa tamfol, tana ratsa roba da faiba da gilashi. Ƙarfe ne ba ta ratsawa. Kwano, alminiyan, farantin ƙarfe, duk bango ne a gare ta. Jikin mutum ma yana rage ta, haka katako mai kauri da ya sha ruwa.

To dubi jirginka. Katako ne, a buɗe yake, babu ɗaki, babu komai tsakaninka da sama. Kana tsakiyar tafkin Kainji da tsawonsa ya haura kilomita 130, babu bene, babu dogon dutse a kanka. Wallahi da wuya a samu wurin da ya fi wannan daɗi ga eriyar ciki. Mu nan Apapa muna fama da tarin kwantena da manyan jiragen ƙarfe da injinan ɗaga kaya, saƙon yana bugun ƙarfe ya karkato kafin ya iso. Kai Allah ya ba ka sama a buɗe kyauta. Ranar da ka buga kwano a kan na'urar, ka rufe mata tsakiyar sama da hannunka, ba za ta ji sai taurarin da ke can gefe kusa da ƙasa ba, kuma wani saƙon zai bugi kwanon ko ruwa kafin ya shigo. Saƙon da gudun haske yake tafiya, kilomita 300,000 a sakan, don haka jinkirin da bai kai komai ba a agogo mita masu yawa ne a kan ruwa. Za ka saya wa kanka matsala da kuɗin kwano, sannan ka sayi maganinta da kuɗin eriya.

Na ga wannan da idona, kuma da hannuna aka yi. Shekarun baya wani mai jirgin kamun jatan lande ya kira ni in sa masa sabuwar na'ura a ɗakin tuƙi. Ɗakin ƙarfe ne sama da ƙasa, sai tagogi uku a gaba. Na kunna ta a bakin jeti, na ga ta kama, na karɓi kuɗina na tafi. Ashe gaban jirgin yana fuskantar inda taurarin suka taru a wannan sa'ar. Da suka fita teku, duk juyin da jirgi ya yi sai alamar ta yi tsalle, wani lokaci ta ɓace gaba ɗaya. Direban ya yi kwana tara bai yarda da allonsa ba, a ruwan da ake gudun tarkacen ƙasa saboda raga. Da suka dawo bai yi mini faɗa ba, ya ce kawai, Malam, da ka gaya mana. Maganar ta fi mini zagi ciwo, domin rayukan mutane ne a cikin jirgin. Na hau saman ɗakin na sa eriyar waje, na ja waya ta cikin bututu, matsalar ta ƙare a ranar. Irin wannan jirgin aka yi wa eriyar waje: mai ɗakin ƙarfe, mai rufin alminiyan, ko inda aka binne na'urar cikin allon tuƙi aka rufe bayanta. Tun daga ranar ba na barin jirgi sai mun fita mun juya shi gabas da yamma ina kallon allo.

Don haka in rana ce damuwarka, kuma na san zafin Yawuri a watan Afrilu ba wasa ba ne, ka yi rumfar tamfol a kan sandunan gora ko katako. Ko da ƙafafun rumfar na bututun ƙarfe ne, siraran sanduna ba su cika tare komai ba. Inuwar ma za ta taimaki allon, domin rana tana wanke hoton har ka kasa karantawa, kuma zafi yana gajiyar da shi. In ka ce lallai sai kwano saboda tamfol na yagewa, to ka tsayar da kwanon daga tsakiyar jirgi zuwa gaba, inda kaya da kifi ke zama, ka bar wurin zamanka na baya da tamfol. In kuwa ka rufe duka da kwano, a nan kam eriyar waje ta zama dole, a saman rumfar.

Akwai wata hujja da masu sayarwa ke kawowa, kuma ita tana da ƙamshin gaskiya, don haka bari in tsaya a kanta. Idan ka danna alama, na'urar tana rubuta inda eriyar take, alhali kifin yana ƙarƙashin tiransidusa. A dogon jirgi mai wurin tuƙi a gaba, tsakaninsu kan kai mita 6 ko fiye, kuma kuskuren yana juyawa da jirgin: in ka zo daga arewa alamar ta faɗi nan, in ka zo daga kudu ta faɗi can. Masu irin wannan jirgin suna kai eriya baya, daidai saman tiransidusa, kuma suna da gaskiya. Amma kai a ina kake zama? A baya, hannunka a kan hannun injin. Na'urar tana gaban gwiwarka, tiransidusa yana bayanka. Tsakaninsu bai fi mita ɗaya da ɗoriya ba. GPS ɗin kanta, a rana mai kyau, kuskurenta mita 3 ne zuwa 5, ko eriyar ciki ce ko ta waje. Za ka kashe kuɗi ka gyara mita ɗaya a cikin abin da dama yake lilo da mita biyar. In kuma ka ga an rubuta WAAS a kwalin ana yi maka kuri da shi, wannan gyaran na Arewacin Amurka ne, bai shafi ruwanmu ba.

Kuskuren da ya fi wannan girma daga yatsanka zai fito. Kana tafiyar kilomita 5 a awa, wato kusan mita ɗaya da rabi kowane sakan. Ka ga garken kifi a allo, ka kira yaronka ya gani, ka nemi maɓalli, ka danna. Sakan biyar sun wuce, ka bar wurin da mita 7. Sannan sautin da ake aikawa ba zare ba ne, buɗewa yake yi kamar mazurari a kife. A irin na yau da kullum faɗinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan ne, a zurfin mita 9 yana kallon da'ira mai faɗin mita 3, kuma ba zai gaya maka kifin yana dama ko hagu a cikinta ba. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Yawancin na'urorin suna barin ka tsayar da hoton, ka mayar da ɗan gicciyen baya zuwa kan abin da ka gani, ka sa alamar a nan. Ka sa mai kayan ya nuna maka wannan a gabanka kafin ka biya. Kuma ka riƙa tafiya da gora ko ƙaramar jarka mai igiya da dutse. GPS ta kawo ka unguwar, allo ya nuna maka gidan, ka jefa gora, daga nan idonka ya karɓi aikin kamar yadda muka tashi muka gani.

Abu guda ne eriyar waje ke da shi da nake jin zai iya ba ka sha'awa nan gaba. GPS ba ta san inda hancin jirgi ya dosa ba, ta san inda ka baro da inda ka iso ne kawai, daga nan take cankar hanya. In kana gudu babu damuwa. In ka kashe injin iska tana tura ka a hankali, ko kana jan kalli, za ka ga hoton jirgin a allo yana ta juyi, taswira tana bin sa. Kada ka ce ta lalace, haka duk suke yi. Wasu eriyoyin waje suna da kamfas a cikinsu don maganin wannan, irin su Point-1 ta Lowrance, ko GPS 24xd ta Garmin, ko AS GPS HS ta Humminbird. Suna da kyau, na sa su da yawa. Sai dai kamfas maganaɗisu yake bi, kuma a kan injinka akwai maganaɗisu mai ƙarfi a faifan da ke juyawa in ka ja igiya. Anga, adda, bokitin ƙarfe, rediyo, duk suna karkatar da shi. Wurin da ya fi dacewa da alama shi ne baya kusa da tiransidusa, wurin da ya fi dacewa da kamfas kuma nesa da injin. A jirgi irin naka ba za ka samu biyun a wuri guda ba. Na taɓa samun wadda aka ɗaura kusa da lasifika, jirgi na fuskantar gabas allo na cewa arewa. Mai ita ya sha wahala fiye da wanda ba shi da ita. Ka saita taswirar arewa ta tsaya a sama kullum, juyin zai daina damunka.

Kuma ba kowace eriya ke shiga kowace na'ura ba. Wata waya ce kawai mai kawo saƙo, tana da bakinta na musamman. Wata tana da ƙwaƙwalwarta, ita ke yin lissafi ta aiko da sakamako ta hanyar da ake kira NMEA 0183 ko NMEA 2000. Mai NMEA 2000 ɗin nan ba a soka ta kai tsaye, sai an haɗa mata babbar waya mai rassa, da toshe a kowane ƙarshe, da wutarta daban. Ƙananan na'urori masu sauƙin kuɗi da yawa ma ba su da ramin da za a sa eriya ko kaɗan. In aka tara kuɗin eriya mai kamfas da wayoyinta, yakan kai kuɗin ƙaramar na'ura sukutum, ko ya wuce. Ko an haɗa, sai an shiga saiti an gaya wa na'urar ta bar ta ciki ta saurari ta waje. Na sha hawa jirgi in tarar da farar ƙwarya tana ƙyalli a sama shekara guda, na'ura kuwa ta cikinta take amfani da ita, mai jirgi bai sani ba.

Ka yi tunanin dare ma. Kai ba za ka bar kayan nan a bakin ruwa ba, kullum cirewa za ka yi ka kai gida. Na'ura mai eriyar ciki waya biyu gare ta, ta wuta da ta tiransidusa, ka zare ka sa a jaka. Kowace waya da ka ƙara wuri ne da ƙugiyar mamari za ta kama, ƙafar yaro ta fizge, ɓera ya ci, tsatsa ta shiga bakinta. Yawancin gyaran da ake kira na a kai a nan, na'urar lafiyarta ƙalau, bakin waya ne ya yi kore.

Kuɗin da ka ware wa eriya, ga inda nake so ya tafi. Ka sayi batir mai bolt 12 nata na kanta, ka sa fis a wayar ja kusa da batirin, ka samu ɗan faifan sola na caji. Ka sa a yi maka mariƙin tiransidusa mai kyau wanda za ka iya ɗagawa in za ka shiga kainuwa ko ka hau gaɓa, a gefe, nesa da kumfar farfela, fuskarsa a miƙe tana kallon ƙasa. Hoto mai kyau daga nan yake fitowa. In kuɗin ya kai, zaɓi na'urar da ke da ramin ƙara eriya a bayanta, ko da ba za ka yi amfani da shi yanzu ba, saboda ranar da Allah ya ba ka babban jirgi. Ka tambaya kuma ko tana iya zana taswirar zurfi da kanta yayin da kake tafiya, Garmin suna kiran nasu Quickdraw, Lowrance kuma Genesis Live. Sai dai ka tuna ruwanmu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Zurfin da ka auna lokacin cikar farin ruwa daban yake da na lokacin da baƙin ruwa ya iso daga Gini, balle na ƙarshen rani da tafki ya ja baya.

In ka saya, ranar farko ka ajiye ta a fili minti goma sha biyar zuwa ashirin ba ka motsa ta ba, ta gama sanin taurarin wannan yanki. Ka buɗe shafin da ke nuna su, za ka ga sanduna a jere da wata lamba mai faɗin kuskure da mita. Ka rubuta lambar. Sannan ku ɗauki fallen kwano ɗaya kai da yaronka ku riƙe shi a kanta daidai tsayin rumfar da kake so, ka kalli sandunan da lambar. Ka cire, ka gwada da tamfol. Gani ya kori ji, ba sai ka yarda da ni ko mai kayan ba. Bayan haka ka sa alama a turken da kake ɗaure jirgi, ka duba ta kwana uku, safe da yamma. In kullum tana maido ka cikin taku biyar ko shida na turken, an gama magana.

Akwai roƙon da nake so in yi maka. Alamomin farko da za ka sa kada su zama na kifi. Tun 1968 da aka gama madatsar Kainji ruwa ya shanye tsohuwar Busa da gonaki da dazuka, kuma har yau itatuwan suna nan tsaye a ƙasa. Ka san su, wasu suna leƙowa da rani, su ɓuya in ruwa ya cika. Ka bi hanyarka ta dawowa gida da rana tsaka lokacin da ruwa ya ja, duk kututturen da ka gani ka sa masa alama da suna, ka ba shi rata mai yawa, fiye da mita biyar ɗin nan. Ka adana layin hanyar mai tsabta daga gurabenka zuwa mashaya. Tun hatsarin jirgin Warra a watan Mayun 2021, Inna ba ta barci in magariba ta yi ba ka dawo ba, ta gaya mini da bakinta. Na'urar tana ganin abin da ke ƙarƙashinka ne, ba ta ganin na gabanka, don haka kada allo ya sa ka gudu cikin hazo. Rigar ruwan da na aiko, a jiki ake sa ta, kai da yaron.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka ɗauko mini hoton bayan na'urar inda ramukan suke, da hoton kwalin wajen lambar samfurin, ka turo ta WhatsApp. Ka auna mini kuma daga inda kake zama zuwa ƙarshen jirgi. In Allah ya yarda zan zo da babbar salla da kayan aikina, mu ɗaura tiransidusan tare mu fita gwaji da asuba.

Ka gaida Inna ƙwarai, ka ce mata maganin ƙafar yana hanya wurin direban da ya saba kawowa. Ka gaida Kawu da Sarkin Ruwa. Bandar tarwaɗar da ka aiko ta ƙare tun makon jiya, yara suna ta tambaya.

Naka,
Yayanka